Lissafin da ke Tsakanin Ɓera da Mai Taɓin Hankali

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwajin masu nazarin magunguna, a jami'ar da ke Samaru ta Zariya ne ko a wata jami'a ta ƙasar nan, da wuya a ce bai ga irin wannan aiki ba. Ɗaliba ce sanye da farar riga a kan hijabinta, da agogo a hannu, ta ɗauko farin ɓera ta wutsiya ta saka shi cikin wani dogon mazubin gilashi mai ruwa, wanda ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, hannunsa kuma ba zai kai baki ba. Da farko ɓeran yakan yi ta fafutuka yana kartar gilashin, bayan ɗan lokaci sai ya saki jiki ya bar hancinsa kawai a saman ruwa. Minti 6 ake ba shi, a ƙirga daƙiƙun da ya yi shiru a cikin minti 4 na ƙarshe, sannan a tsamo shi a goge masa jiki. Idan an ba shi wani magani, ko ruwan wani ganye da masu maganin gargajiya suka ce yana yaye baƙin ciki, aka ga shirunsa ya ragu, sai a rubuta cewa akwai alamar maganin zai yi wa ciwon damuwa aiki. Wani mai bincike a Faransa, Roger Porsolt, shi ya fito da gwajin a 1977, kuma har yau ana amfani da shi a duniya.

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: wa ya gaya mana ɓeran ya fid da rai ne? Masana da dama yanzu suna ganin cewa shirun nan dabara ce, domin dabbar da ta fahimci babu mafita, ta daina ɓarnar ƙarfinta, ta fi wadda ke ta bugun ruwa wayo. Akwai kuma wata matsalar. Maganin damuwa yakan canza halin ɓera cikin sa'a guda, alhali majinyaci sai ya yi makonni yana sha kafin ya ji sauƙi. Mafi muni, an amince da gwajin ne tun farko saboda magungunan da ake da su suna cin jarrabawarsa, don haka abin da ya fi iya ganowa shi ne maganin da ya yi kama da na da. Mai neman sabon iri da rariyar da aka saƙa daidai girman tsohon iri, tsohon irin zai yi ta samu.

Su kansu tsofaffin magungunan, akasarinsu katari aka yi da su. John Cade ya gano amfanin gishirin litiyam ga masu taɓin hankali a Ostireliya a 1949. A 1952 likitocin Faris suka ga kulofiromazin, wanda aka fara gwadawa a ɗakin tiyata, yana kwantar da masu ruɗewar hankali, a 1957 kuma Roland Kuhn ya ba da rahoton imifiramin, maganin damuwa, a Suwizalan. Shekaru sama da hamsin aka yi ana yi wa waɗannan kwaskwarima, ana rage musu illa, ba tare da an samu sababbin hanyoyi masu yawa ba. Magunguna bila adadin sun warkar da ɓeraye suka kasa a jikin mutane, har ta kai a 2010 manyan kamfanoni irin su GlaxoSmithKline da AstraZeneca suka janye kuɗinsu daga mafi yawan binciken lalurar ƙwaƙwalwa.

Laifin ba na ɓera kaɗai ba ne, akwai na sunayen da muke ba cututtukan. Zazzaɓin cizon sauro ana ɗiga jini a gan shi, amma ciwon damuwa sai dai a ji daga bakin mai shi. Kundin da likitocin Amurka ke aiki da shi ya lissafa alamomi 9, ya ce wanda ke da 5 daga ciki har tsawon mako biyu ya kamu, muddin ɗaya daga cikinsu baƙin ciki ne ko gushewar sha'awa. Idan aka yi lissafi, hanyoyi 227 ne mutum zai iya cika wannan sharaɗi, kuma mutum biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya alhali alama ɗaya tak ta haɗa su, ko kuma kokensu ya zama kishiyar juna: wannan ba ya barci ba ya cin abinci, wancan barci ya yi masa yawa, ci ya yi masa yawa. To wanne daga cikinsu ake so ɓera ya kwaikwaya? Ga shi kuma ɓera ba zai ce yana jin shi ba kowa ba ne, ko yana jin murya tana zaginsa. Wannan ya sa a 2009 cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, a ƙarƙashin Thomas Insel, ta fara karkata masu bincike daga sunayen cututtuka zuwa ayyukan ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya: yadda ake koyo, yadda ake tsoro, yadda ake neman lada, yadda ake yanke shawara. A nan ne masu lissafi suka samu ƙofar shiga.

Samfurin lissafi, a wannan fage, ƙa'ida ce da aka rubuta da alƙaluma, wadda ke cewa ga yadda mai rai ke juya abin da ya same shi ya zama abin da zai yi nan gaba. Mu ɗauki mai ƙosai a bakin titin Tudun Wada. Ta fito tana zaton za ta samu masu saye 10, sai 20 suka zo. Tsakanin zatonta da samunta akwai giɓi na mutum 10, kuma da wannan giɓin za ta gyara yawan waken da za ta jiƙa gobe. Idan mai saurin ɗaukar darasi ce, sai ta ɗauki rabin giɓin ta ƙara, gobe ta yi shirin mutum 15. Idan mai jan ƙafa ce, kashi ɗaya cikin goma za ta ɗauka, ta yi shirin 11. Ranar da zato da samu suka zo daidai, babu giɓi, babu kuma sabon darasi. Wannan shi ne ainihin ƙa'idar da Robert Rescorla da Allan Wagner suka wallafa a 1972 don bayyana yadda dabba ke koyo, irin koyon da masanin Rasha Pavlov ya gani a karnukansa, wanda kowace uwargida ke gani idan kajinta suka sheƙo da gudu da jin ƙarar kwanon tsaba. Abin lura shi ne ƙa'idar ta fitar da lamba guda, wato saurin koyo, wadda ba a ganin ta da ido, amma ana iya ciro ta daga jerin zaɓin da mai ƙosai ta yi a kwana ɗari, kamar yadda ake iya ciro ta daga zaɓin ɓera.

Da abin ya tsaya a takarda, da ba a damu da shi sosai ba. Sai Wolfram Schultz, yana aiki a Suwizalan, ya saka siraran wayoyi a ƙwaƙwalwar birai yana sauraron ƙwayoyin jijiyar da ke fitar da sinadarin dofamin. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato, ƙwayoyin sai su yi tsalle. Idan ya saba cewa wata alama ce ke riga ruwan zuwa, tsallen sai ya koma kan alamar, ruwan kuma ya zo ba su motsa ba. Idan aka nuna alamar aka hana ruwan, daidai lokacin da ya kamata ya zo sai su yi tsit, ƙasa da yadda suka saba. A 1997 Schultz da Peter Dayan da Read Montague suka nuna a mujallar Science cewa waɗannan halaye uku su ne giɓin zato sak, irin wanda Richard Sutton da Andrew Barto suka riga suka rubuta don koya wa kwamfuta aiki ta hanyar lada. Lambar da ke cikin lissafi ta samu gida a cikin nama, kuma gidan nata shi ne sinadarin da magungunan ruɗewar hankali ke tarewa, wanda kayan maye kuma ke kwararowa.

Daga nan tsarin aikin ya fito. Ana shirya wasa guda wanda ɓera da mutum duk za su iya yi, ɓera da hancinsa a cikin akwati, mutum da yatsansa a kan kwamfuta ko waya. Ana auna zaɓinsu da ƙa'idar lissafi guda, a fitar da lambobi iri ɗaya. Mutum ana iya tambayarsa abin da ke damunsa, a ga wace lamba ce ta karkace a wurin masu wata alama. Ɓera kuma ana iya shiga ƙwaƙwalwarsa, a kunna wasu ƙwayoyi a kashe wasu, a ga me ke karkatar da wannan lambar. Gero daban dawa daban, amma tiya ɗaya ke auna su a kasuwar Sabon Gari.

Misalin da ya fi ratsa ni shi ne na jiye-jiye, wato jin murya ko amon da babu shi, domin nan ne kowa zai rantse ɓera ba shi da abin cewa. Masu lissafi suna kallon ji da gani a matsayin sulhu tsakanin abu biyu, wato abin da kunne ya kawo da abin da zuciya ta riga ta sa rai. Kowa ya san wannan a jikinsa. Mai jego takan ji kukan jaririnta a cikin ƙarar famfo, ta ruga ɗaki ta tarar yana barci, mai jiran kira kuma yakan ji wayarsa ta motsa a aljihu alhali ba ta motsa ba. A 2017 Albert Powers da Christoph Mathys da Philip Corlett suka gwada wannan a jami'ar Yale. Sun yi ta nuna wa mutane wani hoto tare da ɗan siririn amo a cikin hayaniya, har suka saba, sannan suka riƙa nuna hoton ba amon. Mutane da yawa sun ce sun ji, amma masu jin muryoyi a rayuwarsu sun fi kowa faɗin haka, kuma lissafi ya nuna dalili: suna ba abin da suka sa rai nauyi fiye da abin da kunne ya kawo.

A 2021 Katharina Schmack da Adam Kepecs da abokan aikinsu suka kai wannan wasa ga ɓeraye. An koya wa ɓera ya cusa hanci a rami ɗaya idan ya ji amon, a ɗayan kuma idan bai ji ba, ladan daidai kuwa ɗigon ruwa ne. Saura a san ko ɓeran da ya ce ya ji ya tabbata ne ko canka kawai ya yi. Dabarar da suka yi tana da kyau ƙwarai: suka riƙa jinkirta ladan, suna auna tsawon lokacin da zai tsaya jira. Wanda ya tsaya a Kwangila jiran motar da ya tabbata tana tafe zai yi sa'a guda a rana bai gusa ba, mai kokwanto kuwa minti goma ya ishe shi ya tari wata. Haka ɓeran. Idan ya ce ya ji amon da ba a buga ba, kuma ya daɗe yana jiran lada, wannan shi ne mafi kusa da jiye-jiye da za a iya aunawa a dabba. Suka ga irin wannan kuskure mai tabbaci yana ƙaruwa idan aka ba ɓera ketamin, wanda aka san yana jawo ruɗewa ga mutane. Suka ga dofamin yana hawa a wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa gab da faruwarsa. Da suka ɗaga dofamin ɗin da gangan ta hanyar haska wa ƙwayoyin haske, kuskuren ya ƙaru, da suka ba da halofaridol, tsohon maganin da ake bayarwa a asibitocinmu, ƙarin ya gushe. Mutanen da suka yi wasan ta intanet kuwa, waɗanda suka ce suna yawan jiye-jiye su ne suka fi yin wannan kuskuren. Babu wanda ya ce ɓeran ya haukace. An dai samu zare ɗaya da ya ɗinke sinadari da lissafi da koken majinyaci, abin da shekara 60 na ba da maganin bai bayyana ba dalla-dalla.

A ciwon damuwa ma lissafi ya raba abin da ido ke gani ɗaya. Mutumin da ya daina neman abin da yake so a da, ko dai ladan ne ya daina yi masa daɗi, ko kuwa yana jin daɗin amma ba ya ɗaukar darasi daga gare shi. A 2013 Quentin Huys da abokansa suka sake nazarin sakamakon wani wasan lada na Diego Pizzagalli, suka samu cewa gushewar sha'awa ta fi alaƙa da raguwar darajar ladan, yayin da wani magani mai taɓa dofamin ya fi shafar saurin koyo. An kuma ƙera wa ɓeraye irin wannan wasan.

Abin da ya sa na fi yarda da wannan hanya a kan tulun ruwan Porsolt shi ne ana iya kama ta da ƙarya. A 2004 David Redish ya kawo bayani mai jan hankali a kan shaye-shaye. Ya ce lada na yau da kullum, idan aka saba da shi, giɓin zato yakan rufe, koyo ya tsaya, amma hodar ibilis tana ɗaga dofamin kai tsaye, don haka kullum ƙwaƙwalwa na samun saƙon cewa abin ya fi yadda aka zata, darajarsa ta yi ta hawa har ta danne abinci da iyali da mutunci. Wanda ya ga yadda kodin da tiramol suka yi da matasa a unguwanninmu, a ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, zai ji bayanin ya zauna masa. To amma ƙa'idar ta yi hasashe takamaimai a kan yadda ɓera zai koyi sabuwar alama idan hodar ce lada, kuma da Leigh Panlilio da abokansa suka gwada a 2007, ba haka ta fito ba. Dole aka koma aka gyara tunani. Maganar da aka yi da baki kawai, kamar a ce maye yana sace zuciya, babu gwajin da zai taɓa kayar da ita, saboda haka babu abin da za ta ƙara mana.

Akwai kuma tsoro, wanda ya shafe mu fiye da yadda muke so. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa da mutane, ƙarar babur da dare kaɗai ta isa ta jiƙa shi da gumi. Tun da daɗewa an san cewa idan aka koya wa ɓera tsoron wani amo, sannan aka yi ta buga amon ba tare da cutarwa ba, tsoron yakan kwanta, amma yakan dawo bayan kwanaki. Samuel Gershman da Yael Niv suka ce dalilin shi ne sauyin ya yi girma farat ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wani sabon yanayi ne daban, ta buɗe masa sabon shafi ta bar tsohon yadda yake. Idan haka ne, rage cutarwar sannu a hankali zai sa a gyara tsohon shafin da kansa. A 2013, tare da Marie Monfils, suka gwada a ɓeraye, kuma tsoron bai dawo kamar da ba. Wannan bai zama ƙa'idar jinya ba tukuna, amma tambaya ce da lissafi ya haifa, wadda ba lallai ta faɗo wa likita a ɗakin duba marasa lafiya ba.

Sai dai ba zan sayar wa mai karatu da abin fiye da kuɗinsa ba. Har yau babu asibitin da ya mayar da irin wannan wasa gwajin yau da kullum da ake zaɓar wa majinyaci magani da shi. Lambobin da ake cirowa sukan yi rawa, a auna mutum yau a sake auna shi bayan wata guda a samu saɓani, abin da ba za a lamunta ba a gwajin sukari ko hawan jini. Ƙa'idoji biyu mabambanta kan iya dacewa da zaɓi iri ɗaya. Ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ɓera tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 70, ta mutum biliyan 86, kuma sashen goshi, inda tsari da hangen nesa suke, shi ne inda muka fi nisa da shi. Kunya, da nadama, da zullumin abin da dangin miji za su ce, da tawakkalin da ke riƙe mutum a tsakiyar jarrabawa, duk babu akwatin da zai auna su a dabba.

Iyakar da ta fi damuna ta fito ne daga cikin ƙa'idar kanta. Idan ji sulhu ne tsakanin kunne da abin da aka sa rai, to abin da aka sa rai daga tarbiyya da muhalli yake zuwa. Tanya Luhrmann ta yi hira da masu jin muryoyi 60 a Amurka da Indiya da Gana, 20 a kowace ƙasa, ta tarar na Amurka sun fi kwatanta muryoyin da mugunta da tashin hankali, na Chennai sukan ji 'yan uwa suna yi musu faɗa ko umarni, na Akara kuwa da yawa sun ce muryar Ubangiji ce kuma ta alheri ce. A binciken Yale ɗin ma an saka mutanen da ke jin muryoyi amma ba su da wata lalura, suna harkokinsu lafiya. Majinyacinmu yakan zo da koken zafi a tsakiyar kai, ko wani abu na yawo a jiki, kuma galibi sai bayan an yi ruƙiyya an sha rubutu an nemi maganin iska ko sammu kafin a kai shi asibitin Shika ko na Barnawa. Mafi yawan waɗanda aka auna a wasannin nan kuwa mutanen Amurka da Ingila ne da aka ɗauka ta intanet. Lambar da aka kira daidai a Landan, babu hujjar ɗauka cewa ita ce daidai a Kusfa ko Gyallesu har sai an auna.

Wani zai ce ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, wadda sai a Janairun 2023 ta samu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ina ita ina wannan zurfin? Gaskiya ne gado da magani da ma'aikaci su ne gaba. Amma a duk fannonin binciken ƙwaƙwalwa, wannan na cikin mafiya araha, domin ba ya buƙatar na'urar ɗaukar hoto ta biliyoyin naira. Kwamfutar cinya, da wayar hannu, da akwatin da ɗaliban injiniya za su iya haɗawa, sun isa a fara. Zariya kuma tana da abin da garuruwa kaɗan ke da shi: tsakanin Samaru da Shika, tafiyar 'yan mintuna, akwai masu lissafi, da masu ilimin kwamfuta, da masu harhaɗa magunguna da ɓerayensu, da likitocin dabbobi, da asibitin koyarwa da majinyatansa. Hanyar koyo ma ta buɗe. Makarantar Neuromatch tana koyar da wannan lissafi ta intanet tun 2020, ana yin irin wannan kwas mai suna Imbizo a Afirka ta Kudu, a Damaturu kuma Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike da horarwa da ta nuna cewa ana iya irin wannan aiki a Arewa.

Wanda zai fara a nan zai ci karo da abubuwan da ba a rubuta a takardun Turai ba. Da yawa daga wasannin an ƙera su ne da siffar caca, da injin jefa kuɗi da kati, kuma dattijon da aka zaunar a gaban irin wannan zai iya ture wayar ya ce shi ba ya caca, ko ya yi wasan da ƙyama, sai lissafi ya rubuta masa raunin neman lada alhali tsoron Allah ne ya riƙe hannunsa. Sai an sake wa wasan riga, ya zama zaɓi tsakanin rijiya biyu ko dillalai biyu, an bar ƙashin lissafin yadda yake don ya ci gaba da dacewa da na ɓera. Sai an zauna da majinyata da masu jinyarsu an tantance ko "na tabbata" da "ina kyautata zato" da "wataƙila" suna hawa matakala ɗaya a bakin kowa, an kuma yanke ko ladan zai zama katin waya ne ko kuɗi a hannu, tunda naira 200 ba darajarta ɗaya ba a wurin ɗalibin jami'a na Kongo da manomin Giwa da ya biya kuɗin mota ya kawo ɗansa asibiti.